A daina miƙe ƙafafun katkat da wuta

Duk mai bin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, in yana lura da motocin da ke gabansa zai ga wani abu a jikin ƙananan katkat ɗin nan da suka cika garuruwanmu, irin su RAV4, CR-V, Highlander da Santa Fe. Ƙafafunsu na baya ba a tsaye cak suke ba. Saman taya ya sunkuya ciki wajen jikin mota, ƙasanta kuma ya buɗe waje, tamkar mutum mai gwame. Idan motar ta sha mutane da kaya, gwamen sai ya ƙaru har mai tafiya a ƙasa ya gani ya nuna da yatsa. Bayan ƴan watanni sai mai motar ya tarar gefen ciki na tayoyin baya ya yi sanƙo, alhali gefen waje yana nan da zanensa kamar jiya aka sayo.

Daga nan sai a nufi gareji. A gareji da yawa hukuncin guda ne: ƙafa ta karkace, a miƙe ta. Sai a kira mai walda ya zo da wutar gas, a gasa ƙarfen da ke riƙe da ƙafar har ya yi ja, a danne shi da jak ko a sa masa guduma, a ja da baya a ƙanƙance ido a duba, a ce ta miƙe. Mai mota ya biya, ya yi godiya, ya kama gabansa. Ni a ganina wannan aiki ya kamata a daina shi kwata-kwata, kuma ya kamata hukumomin da ke kula da lafiyar hanya su ɗauke shi a matsayin laifi, domin da sunan ceton taya ake yin sa amma rayukan mutanen da ke cikin motar ake jinginarwa.

Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, gwamen nan da gangan aka yi shi tun daga masana'anta. Makanikanmu da suka yi karatun sana'a suna kiransa karosaj. Da digiri ake auna shi, kuma a yawancin motocin nan bai wuce tsakanin rabin digiri zuwa digiri 2 ba. Ƙaramin abu ne a baki, amma a taya mai tsayin santimita 70, digiri 1 yana nufin samanta ya shige ciki da kimanin santimita 1.2 bisa ga ƙasanta, shi ya sa ido ke kama shi. Dalilin yin sa kuwa shi ne, duk lokacin da mota ta sha kwana, nauyinta yakan koma kan ƙafafun da ke wajen kwanar, jikinta ya kwanta can, ita kuma taya ta nemi naɗewa ta tsaya a kan gefenta na waje kaɗai. In dama an sunkuyar da ita ciki kaɗan, to a daidai wannan lokaci sai ta daidaita, tafinta duka ya zauna a kan kwalta ya kama. Katkat kuwa doguwa ce, nauyinta yana sama, ta fi ƙaramar mota kwanciya a kwana, saboda haka ta fi ta bukatar wannan dabara.

Me ya sa ya fi fitowa a baya? Domin masu ƙera mota sun fi so, in dai mota za ta zame, gabanta ya riga bayanta zamewa. In gaba ne ya zame, direba ko da ba gwani ba ne zai ɗaga ƙafa daga totur, gudu ya ragu, motar ta dawo kan hanya. In baya ne ya zame, gindin motar ke juyowa yana neman ya wuce kai, kuma direbobi ƙalilan ne ke iya tare ta. Ƙaramar mota in ta juya haka sau da yawa takan yi katantanwa ta tsaya. Doguwar mota da ke tafiya a kaikaice, da zarar taya ta ci karo da yashin gefen hanya ko bakin kwalta, sai ƙundumbala. Wanda ya miƙe ƙafafun baya ƙarfi da yaji, abin da ya rage ke nan: riƙon da ke hana gindin mota juyawa.

Na san abin da mai mota zai ce, domin muna jin sa daga masu kiran waya a duk lokacin da muka taɓo maganar sufuri a gidan rediyo. Zai ce shi ba tsere yake yi ba, hanyoyinmu a miƙe suke, kuma kuɗin taya daga aljihunsa yake fita. Akwai gaskiya a ciki, ba zan raina ta ba. Tsakanin Maraɗi da Damagaram mutum yana iya tafiya mai nisa bai murɗa sitiyari da ƙarfi ba, kuma a miƙaƙƙiyar hanya gwame ba ya yin komai sai ɗora nauyi a gefen ciki na taya. Wasu motocin ma an yi musu shi da yawa domin hanyoyin da ba namu ba. BMW X5 ta farko, wadda aka ƙera daga 1999 zuwa 2006, gwamenta na baya ya kusan digiri 2, ga tayoyi masu faɗi, kuma ko a Turai da Amurka masu ita sun daɗe suna kukan cin taya.

Sai dai kwanar da ke kashe mutane a hanyoyinmu ba wadda injiniya ya zana da allo a gefenta ba ce. Jaki ne da ya faɗo hanya, ko amalanke da ba ta da fitila bayan magariba, ko saniyar da ta ware daga garke, ko ɗan kabu-kabu da ya juya bai waiwaya ba, ko ramin da damina ta haƙa. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Direba zai fizgi sitiyari hagu, ya sake fizgo shi dama domin ya koma hannunsa, kuma a fizga ta biyu ne gindin mota ke tashi. A ƙasar Suwidin akwai gwajin da ake yi wa motoci na kauce wa dabba haka, kuma a 1997 wata sabuwar Mercedes, A-Class, ta kife a cikinsa, abin da ya sa kamfanin ya tsayar da sayar da ita, ya gyara ƙafafunta, ya saka mata na'urar nan mai taka birkin kowace ƙafa da kanta in mota ta fara zamewa. Amurka ta wajabta wannan na'ura ga sabbin motoci daga na shekarar 2012, Tarayyar Turai daga 2014. Da yawa daga cikin katkat ɗinmu sun girmi waɗannan dokoki, wasu kuma suna da na'urar amma fitilarta ta gargaɗi ta shekara tana ci a gaban direba ba wanda ya kula. Ko tana aiki ma, da riƙon taya take aiki. In ba riƙo ba abin da za ta yi.

To in gwame ba laifi ba ne, me ke cinye tayar? A nan nake ganin an fi yi wa masu motoci kwana. Gwamen da masana'anta ta sa, shi kaɗai, a hankali yake cin taya. Mai cin ta da gaggawa wani awo ne na dabam, wanda ake kira paralelisim, wato ko tayoyin biyu suna kallon gaba sak, ko bakinsu ya haɗe ciki, ko ya buɗe waje. Wannan ido ba ya ganinsa, shi ya sa ba a zarginsa. Amma a yi lissafi. Tayar da bakinta ya kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ɗaya kamar an ja ta ne a kaikaice kusan mita 9. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kilomita 235 ko kusa da haka, ya zama kamar an gurza ta a kan kwalta har kimanin kilomita 2. In aka haɗa wannan gurza da gwamen da ya riga ya tara nauyi a gefen ciki, to duk gurzar a wannan gefe za ta ƙare. Gwame ne ake gani, shi ake kamawa, ɓarawon kuwa yana gefe.

Mai mota yana iya bambance su da tafin hannunsa. Ya shafa taya daga waje zuwa ciki, ya sake shafowa daga ciki zuwa waje. In ya ji sumul a tafiya ɗaya, a dawowa kuma ya ji kaifi kamar haƙoran zarto, to bakin taya ne ya kauce. In ci ne mai santsi da ya gangara gefe guda, gwame ne ya yi yawa. In tudu da kwari ya ji a zagayen tayar, amortisa ce ta mutu, tayar tana tsalle. In gefe biyu suka cinye tsakiya ta rage, iska ce ba ta isa ba. Makanikin da bai shafa taya ba kafin ya yanke hukunci, bai fara binciken ba tukuna.

Sai kuma kaya, wanda shi ne namu na kanmu. A waɗannan motoci kowace ƙafar baya tana da ƴancinta, tana hawa da sauka ita kaɗai a kan hannuwan ƙarfe, kuma yadda aka tsara hannuwan shi ne, duk sa'ar da gindin mota ya zauna ƙasa, gwame ya ƙaru. Motar da aka yi domin mutum biyar da akwatunansu, mu mukan zuba mata takwas, a cusa buhun gero biyu a baya, a ɗaure rago da jarkoki bisa rufi, a kama hanyar biki. Buhu biyu kilo 200 ke nan, kuma a bayan ƙafafun baya suke zaune, wurin da ya fi kowane danne su. Gwamen digiri 1 sai ya ninka. In aka yi shekaru ana haka, sifirin ɗin baya ya gaji ya kwanta, motar ko babu kowa ciki tana zaune kamar mai ɗauke da kaya. Akwai takarda manne a bakin ƙofar direba da ke faɗin nauyin da motar za ta ɗauka da iskar da ya kamata a sa wa taya; a motoci da yawa har da awon iska na musamman domin ranar da aka cika kaya. Direba nawa ne suka taɓa tsayawa suka karanta ta?

Ga kuma robobin da ke gaɓoɓin hannuwan, waɗanda ake kira silambulok. Motar da ta shigo mana ta tashar Kotonu ko ta Lome ta riga ta yi shekara goma ko sha biyar tana aiki a wata ƙasa, robobin sun tsufa, sannan ta zo ta haɗu da zafin watan Afrilu, da ƙura, da gargadar hanyoyin jar ƙasa. In suka tsage, ƙafa ba ta da tsayayyen wuri, awonta yana sauyawa a kowane rami. Kuma ko an saya sababbi akwai wani kuskure da ake yawan yi wajen ɗaurawa: a ƙulle kusoshin tamau alhali mota tana bisa jak, ƙafafu suna reto. Da an sauke ta, robar ta murɗe ke nan, a murɗe za ta zauna har ta yage cikin ɗan lokaci, sai a ce kayan jabu ne. Ƙa'ida ita ce a ƙarasa ƙullewa bayan mota ta zauna a kan ƙafafunta da nauyinta.

Duk wannan bai shafi kowace katkat ba, kuma a nan mai shirin saye ya kamata ya buɗe kunne. Land Cruiser, Prado, Hilux da Fortuner, ƙafafunsu na baya a kan ƙarfe guda suke, wato aksul, wanda makanikanmu ke kira pon. Irin wannan ba shi da gwame, kuma ko an danƙara masa kaya tayoyin a tsaye za su zauna. Ba banza ba direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku suka riƙe Hilux da Land Cruiser. In aka ga ƙafar irin wannan mota ta sunkuya, to lallai akwai ɓarna: ko pon ya lanƙwashe saboda kaya ko haɗari, ko boris ya mutu. Amma suna kaɗai ba ya isa shaida, domin Pajero tun daga samfurin da ya fito a 1999 ta koma ƙafafu masu ƴanci, Patrol ma haka a samfurin 2010. RAV4 da CR-V da ƴan'uwansu kuwa, duk da tsayinsu, ƙananan motoci ne da aka ɗaga, an yi su domin kwalta da ɗan abin da ba a rasa ba. Suna da daɗin zama, suna shan mai kaɗan, sun fi araha. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aikinsa kasuwannin ƙauye ne da buhuna, ya sayi CR-V, sannan ya zo yana faɗa da gwame, da zaɓinsa yake faɗa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta wuce ta aljihu shi ne wurin da cin yake ɓoyewa. Direba da safe yakan zagaya mota, ya harbi taya da ƙafa, ya dubi gefen waje, ya ce lafiya lau. Jandarma a shinge shi ma gefen waje yake gani. Gefen ciki yana can ƙarƙashin mota, wani lokaci har wayoyin ƙarfe sun fito. A Turai doka ta ce zurfin zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kuma tayoyin gwanjo da ake jibge mana da yawansu an cire su ne don sun kusa kai wannan iyaka ko don sun tsufa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Manyan masu ƙera taya da kansu suna cewa wadda ta shekara 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Wasu ma tayoyin sanyi ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a jiki, robarsu mai taushi ce, an yi ta domin ƙasashen dusar ƙanƙara, mu kuma muna ɗora ta a kan kwaltar da rana ta gasa a ranar da zafi ya haura digiri 40.

Abin da ke faruwa in tayar baya ta fashe a doguwar mota, duniya ta riga ta gani. A watan Agusta na shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi a Amurka, bayan da aka yi ta samun fatar taya tana ɓallewa, galibi a ƙafar baya ta motar Ford Explorer, motar ta kife. Mutane fiye da 200 suka mutu a Amurka kaɗai. Abin lura gare mu shi ne inda abin ya fi tsanani: jihohin kudu masu zafi, da Saudiyya, inda Ford ya fara canza tayoyin tun 1999, da Benezuwela. An kuma yi ta jayayya kan iska, Ford yana cewa a sa kimanin bar 1.8, Firestone yana cewa ya kamata ta haura bar 2. Ba gwame ne ya jawo wancan bala'i ba, lahanin ƙira ne ya haɗu da zafi da gudu da ƙarancin iska. Amma zafi da gudu da ƙarancin iska duk muna da su, har da ƙarin kaya, kuma tayar da gefenta ya kai waya ba ta bukatar lahanin masana'anta kafin ta fashe. Mu da muke rage iska in za mu shiga yashi, mu hau kwalta mu manta ba mu mayar ba, mu ne ya kamata labarin ya fi tsoratarwa.

Yanzu a dubi abin da wuta ke yi. Hannuwan ƙafar nan ba rodin gini ba ne. Wasu falle ne na ƙarfe da aka matse ya ɗauki siffa, wasu na alminiyom ne, kuma ƙarfinsu ya dogara ga yadda aka sarrafa su. Da an gasa, ƙarfin wurin ya sauya, kuma ba mai iya gani da ido. Zai riƙe yau, ya riƙe gobe, ya yi ta lanƙwasa kaɗan-kaɗan a kan gargada, wata rana ya tsage. Wutar takan kuma dafa robar da ke kusa. Sannan tun da ba a auna ba, ƙafar dama da ta hagu ba za su zo daidai ba, kuma taɓa gwame yana kautar da bakin taya, wato an ƙara wa ainihin ɓarawon ƙarfi. Garin neman gira a rasa ido.

Wanda yake ganin na cika tsoro, ya ji wannan. A watan Agusta na 2012 Toyota ya kira RAV4 kimanin dubu 760, na shekarun 2006 zuwa 2011, su dawo gareji a Amurka. Dalili kuwa, akwai wani hannu a ƙafar baya mai noti biyu da ake kwancewa in za a daidaita bakin taya. In mai gyara bai ƙulle su daidai ƙa'ida ba, zaren kusar yana sassautawa ya yi tsatsa, hannun ya rabu, mota ta ƙwace. Sai da aka sake kiran motocin a 2013, aka kuma sake a 2016, domin gyaran farko bai wadatar ba. Noti ne fa kawai da ba a ƙulle da kyau ba, balle ƙarfen da aka gasa. Kuma irin waɗannan RAV4 ɗin ne ke yawo a titunanmu, da yawansu daga Amurkar suka fito. Duk mai irinta yana iya sa lambar jikin motar, mai harufa da lambobi 17, a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ya ga ko akwai gyaran da aka kira ta ba a yi ba. Kyauta ne, kuma yaron gida mai waya zai iya yi masa.

Gyaran gaskiya ba asiri ba ne, tsari ne kawai yake so. A fara da iska. A duba tsayin gindin mota, in sifirin ya kwanta a canza shi. A canza robobin da suka yage da amortisar da ta mutu. Bayan haka ne ake awo, kuma awon ƙafa huɗu, a fara da baya, domin baya ne ke nuna inda mota ta dosa, gaba bi yake yi. Sau da yawa da an yi wannan gwamen da kansa yake komawa wurinsa. In bai koma ba, wasu motocin suna da kusa ta musamman da ake juyawa a rage shi. Wasu, irin su CR-V na 2002 zuwa 2011, masana'anta ba ta sa musu ba, amma ana sayar da hannun sama mai zare wanda ake tsawaitawa ko a gajarta. Ga inda nake tare da mai kukan kuɗin taya: masana'anta takan ba da iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa, kuma ga mai bin miƙaƙƙun hanyoyinmu da kaya a baya, ba laifi a ajiye gwamen kusa da iyakar ƙasa. A rage shi cikin ƙa'ida, da awo, kada a kashe shi. A riƙa kuma sauya wa tayoyi wuri tsakanin gaba da baya duk bayan kilomita dubu 8 zuwa dubu 10, in girmansu ɗaya ne. In biyu kaɗai aka iya saye sababbi, a baya ake sa su, ko da yake na san yawancin direbobinmu akasin haka suka yi imani da shi.

Za a ce na'urar awo ba ta ko'ina, kuma haka ne, a wajen manyan birane samunta sai an sha wuya. Amma rashin na'ura bai halatta wuta ba. Magini ba shi da kwamfuta, da zare da ɗan dutse yake gane bango ya miƙe. A tsayar da mota a daɓe mai daidai, a saki zare mai nauyi a gefen taya, a auna tazararsa da bakin janti a sama da ƙasa. A janti mai lamba 17, bambancin milimita 7 da rabi shi ne digiri 1. Wayoyin hannu na yanzu ma suna auna karkata. Wannan darasi ne na yini ɗaya, kuma cibiyoyin koyon sana'a da ƙungiyoyin makanikai za su iya shirya shi ba tare da jiran tallafin kowa ba. Makanikanmu ba su rasa basira ba. Mutanen da ke tayar da injin da Bature ya yanke wa ƙauna ba za su kasa riƙe zare ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai nuna musu, da mai motar da zai yarda ya biya kuɗin awo maimakon ya ce a yi masa na sauri.

Ga magabata kuma, bukatata ba ta da tsada. Hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya tana yawan faɗakarwa kan gudu da ɗamara da hular kwano, kuma daidai ne. A ƙara da gefen ciki na tayar baya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyi duk shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mai ƙarancin motoci. A wurin bizit teknik, inda mota ke hawa bisa rami, ba abin da zai hana mai duba ya haska fitila a hannuwan ƙafar baya. Ƙarfen da aka gasa ba ya ɓoyuwa: fenti ya ƙone, launi ya sauya, ga tabon guduma. Motar da aka samu haka kada a ba ta takarda sai ta canza hannun. Jandarman da ke shinge shi ma durƙuso ɗaya ya ishe shi ya ga abin da direba bai gani ba, musamman a motocin da ke ɗaukar fasinja zuwa kasuwanni.

Akwai wata dabara da masu faci suka ƙware a kanta da ita ma ya kamata a sa wa ido: in gefen ciki ya cinye, sai a cire taya daga janti a juya ta, sanƙon ya dawo waje, mai zanen ya koma ciki. In an yi da wuri, tun zane bai ƙare ba, kuma tayar irin wadda gefenta biyu ɗaya ne, ba a ce komai ba. Amma tayoyi da yawa na katkat an rubuta musu gefen da zai kalli waje, wasu kuma suna da kibiya mai nuna inda za su juya, irin waɗannan ba a yi musu yadda aka ga dama. In kuwa har waya ta fito, juyawar ta mayar da gefen da ya mutu daidai wurin da nauyin mota ke faɗawa a kwana. Irin wannan taya ta gama aikin mota, sai dai a kai wa masu yanka takalma da gugar rijiya.